Baƙuwar Tattabara Mai Zobe: Yadda Ake Karɓarta, a Yi Jinyarta, a Mayar wa Mai Ita

Duk wanda ya daɗe yana kiwon tattabaru a Lafiya ya san yadda baƙuwa ke zuwa. Ka saki naka da yamma su sha iska, da suka dawo sai ka ga an sami ƙari: wata mai faɗin ƙirji ta raɓe a gefen kwano, ba ta shiga cikin garke ba, ba ta kuma tashi ba. Wani lokacin ma gidan da ba a kiwon komai take faɗawa, uwargida ta fito wanke-wanke ta tarar da ita a bakin rariya tana neman ruwa, yara sun kewaye ta amma ta kasa guduwa. In ka duba ƙafarta ka ga zobe mai lamba, to tana da mai ita, kuma a daidai wannan lokacin yana can yana ta duban sama.

Bayanin nan na mutum biyu ne, wanda ya tsinta da wanda ya ɓatar. Mai kiwo kuwa yau shi ne wannan, gobe shi ne wancan.

Abin da ke sa ta makuwa

Tattabarar tsere daban take da ta gida da ake kiwo don 'yan shila. A Beljiyam aka fitar da irinta a ƙarni na 19, ana haɗa jinsi da jinsi ana zaɓen masu saurin komawa gida, daga can ta bazu duniya. Nauyinta bai cika wuce rabin kilo ba, amma in yanayi ya yi kyau tana cin kilomita 60 zuwa 80 a awa guda. Tana gane hanya da abubuwa da dama a haɗe: inda rana take a sama, maganaɗisun ƙasa, ƙamshin da iska ke kawowa, sannan in ta kusanto gida sai alamomin da idonta ya saba da su. Wani bincike na Jami'ar Oxford da aka bayyana a 2004 ya nuna har titin mota suke bi, su karya kwana inda titin ya karya.

Ke nan duk abin da ya rufe mata rana ko ya ɓoye mata ƙasa zai iya rikita ta. A nan wajenmu lokuta uku ne suka fi cin tattabaru. Akwai hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ranar da za ka wuce Nasarawa Eggon ba ka hango duwatsun da ke gefen hanya ba. Akwai zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke sauko da tsuntsu tun bai yi rabin tafiya ba. Sai kuma hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda ke tasowa daga gabas da iska mai ƙarfi ya kwashi garke ya watsar. Ƙara da shaho, wanda in ya kai bara sau ɗaya, ko bai kama kowa ba, ƙananan kan firgita su miƙe inda ba su sani ba.

Kada mai tsintuwa ya ɗauka tsuntsuwar raguwa ce, ko mai ita bai iya kiwo ba. A watan Yunin 1997 an saki tattabaru fiye da 60,000 na masu kiwon Birtaniya daga birnin Nantes na Faransa, dubun dubata ba su koma gida ba, alhali na gwanaye ne.

Awa ta farko

In ta galabaita har ba ta iya tashi, ka lallaɓa ka rufa mata zane ko tawul ka ɗauka. In tana kan rufi, ka haƙura har duhu ya yi, domin tattabara ba ta son tashi da dare. Ka haska ta da tocila ka kama a hankali. Ko ka zuba gero a ƙarƙashin kwando, ka tokare da ɗan kara mai igiya, ka koma nesa ka jira. Ka hana yara jifa da harbi da danƙo.

Riƙonta ma sai da iyawa. Ka sa ƙafafunta biyu tsakanin yatsanka manuni da na tsakiya, babban yatsa ya kwanta a kan bakin fukafukai da gindin wutsiya, ƙirjinta ya zauna a tafin ɗaya hannun. Kada ka matse ƙirjin, da motsinsa tsuntsu ke numfashi. Kada kuma ka ɗaga ta da fiffike kamar kazar da za a kai kasuwa.

Ka sami kwali ka huda shi ta gefe da sama, ka shimfiɗa tsohon tsumma, ka ajiye a ɗaki mai inuwa inda babu hayaniya, inda mage da gafiya da kwarkwasa ba za su kai ba. Ka bar ta kamar rabin awa ta huce. In ruwan sama ne ya jiƙa ta, sai ta bushe jikinta ya yi ɗumi tukuna kafin a ba ta komai.

Daga nan sai ruwa, kuma ruwa ne kan gaba da abinci. Wannan wurin ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna: tausayi ya sa su cika mata gaba da masara, ita kuwa jikinta ya bushe, ta haɗiye ta kasa narkarwa, da safe a tarar ta mutu. Ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake yi wa yaro mai gudawa, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka zuba a ƙaramin kofi mai zurfin gaɓar yatsa biyu, saboda tattabara zuƙa take yi, ba ta ɗaga kai sama ta haɗiye irin na kaza. In ta ƙi sha, ka tsoma mata tsinin baki kawai na ɗan lokaci, kada ruwan ya kai hanci. Sau da yawa da ta ji sanyinsa za ka ga maƙogwaronta ya fara motsi, idonta ya buɗe sosai. Kada ka ɗura mata da sirinji ko cokali. Ƙofar numfashinta tana nan daf da bayan harshe, ɗigo kaɗan ya isa ya shaƙe ta.

Bayan awa uku ko huɗu, in ta fara tsayuwa da ƙafafunta, ka ba ta ƙananan hatsi cikin babban cokali guda: gero, dawa, alkama ko ɗanyar shinkafa. Riɗi, wanda Allah ya hore wa ƙasar nan tamu daga Lafiya har Doma, yana da mai da ke maido da ƙarfi, amma ɗan kaɗan ake barbaɗawa. Washegari ka ƙara, har ta kai abincinta na yini, giram 30 zuwa 40. Masara da ɗanyar gyaɗa sai a kwana na biyu ko na uku, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce. Ban da tuwo, ban da burodi, ban da madara.

Duba lafiyarta, ka kuma tsare naka

Ka shafa ƙashin ƙirjinta. In tsoka ta cika gefe da gefe, ba ta daɗe da ɓata ba. In ƙashin ya fito tsiri babu nama, ta yi kwanaki tana yawo, jinyarta za ta ɗauki mako ko fiye. Ka ɗaga fukafukai ka duba ƙarƙashinsu da baya, nan farcen shaho ke barin rauni. Ƙaramin ciwo ana wanke shi da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ka buɗe bakin a hankali. In ka ga wani abu rawaya-rawaya ya manne a maƙogwaro, cuta ce da ke yaɗuwa ta wurin shan ruwa, kada ka ɓamɓare shi, jini zai ɓalle. Kashi kore mai ruwa-ruwa a ranar farko yana iya zama na yunwa, amma in ya haɗu da murɗewar wuya, ko ta kai sara ga ƙwaya tana kuskurewa, to alamar cutar nan ce 'yar'uwar wadda ke share kaji lokacin hunturu.

Saboda haka baƙuwa ba ta shiga ɗakin tattabarunka, ba ta shan ruwa a mazubinsu. In zamanta zai yi tsawo, ka keɓe ta mako biyu aƙalla. Ka riƙa fara ciyar da naka, sannan ita, sannan ka wanke hannu da sabulu. Kada ka jiƙa mata kafso na mutane da ka, ka nemi likitan dabbobi. In kuwa ka lura tsuntsaye ko kaji na mutuwa a unguwa a lokaci guda, ka kai rahoto ofishin kula da dabbobi. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya, a Jihar Kaduna a 2006, ba a wasa da irin wannan.

Karanta zobe

Zoben asali ba shi da mahaɗi. Ana zura shi ne tun tana 'yar shila mai kwana 5 zuwa 7, ƙafa ta girma a cikinsa, daga nan ba ya fita sai an yanke. A jikinsa akwai haruffan ƙasa ko na ƙungiya, da shekarar ƙyanƙyasa, da lambar da babu wata tattabara mai irinta. GB na Birtaniya ne, NL na Holan, BE ko BELG na Beljiyam, AU na wata babbar ƙungiya a Amurka. Ganin irin waɗannan haruffa ba ya nufin daga can ta taso. Galibi shigo da ita aka yi, mai ita yana nan cikin ƙasa, watakila ma bayan layinku.

Ka duba ɗaya ƙafar. In akwai zoben roba, ko wani mai kauri da na'ura ke karantawa, to a tsakiyar gasa take ko horo. Wasu kan maƙala zobe na biyu mai lambar waya, wasu kan buga hatimi a dogayen gashin fiffike, don haka ka buɗe kowane fiffike a gaban haske. Masu kiwon gida kuma suna da nasu alamun, ɗan zare a ƙafa ko shafin launi a gashi. Wannan ma shaida ce cewa da mai ita.

Cigiya

In ka sami lambar waya, aiki ya zo da sauƙi. In babu, ka rubuta abin da ke jikin zoben duka a takarda, ka ɗauki hoton tsuntsuwar, amma wajen yaɗawa ka ɓoye lambobi biyu ko uku na ƙarshe. Mai ita na gaskiya shi zai cika su. Haka shari'a ta tsara a kan tsintuwa: mai nema ne ke faɗin siffa, mai riƙo ya gwada da abin da ke hannunsa. Ka kai labari wurin masu sayar da tattabaru a kasuwa, domin kusan duk mai kiwo a gari sun san shi, sun san irin da yake ajiyewa. Ka gaya wa masu shagon abincin kaji da magungunan dabbobi, da mai unguwa, a kuma sanar a masallaci ko coci. Ka roƙi wani mai kiwo ya tura hoton a zaurukansu na WhatsApp, inda labari kan kai Kefi da Jos da Kaduna kafin la'asar.

In wani ya kira, ga yadda maganar ta kamata ta tafi:

"Salamu alaikum, Malam, an ce wata tattabara ta sauka a wurinka."

"Wa alaikumus salam, haka ne, Alhaji. Tana nan lafiya, ta sha ruwa ta ci abinci. Don Allah ko za ka karanto mini ƙarshen lambar, ka kuma faɗa mini launinta?"

In ya faɗa daidai, ka ce masa, "Taka ce, Alhaji, Allah ya tsare gaba. Yaya kake so a yi?" In bai dace ba, ka ba shi haƙuri da mutunci, ka yi masa addu'ar Allah ya bayyana tasa. Mai yiwuwa shi ma da gaske ya yi rashi.

Kada nisa ya karya maka gwiwa. A 2022 an saki wata tattabara daga tsibirin Guernsey za ta koma arewa maso gabashin Ingila, sai ga ta a jihar Alabama ta Amurka, tazarar da ta haura kilomita 6,000. Ana kyautata zaton jirgin ruwa ta hau. Waɗanda suka tsince ta sun bi lambar ƙafarta har suka gano mai ita. In an iya wannan a tsallaken teku, tsakanin Bukan Sidi da Shabu ba abin wahala ba ne.

Mayarwa

Hanya biyu ce. In ba ta da rauni, ta murmure, kuma gidansu ba shi da nisa, sai ku yi shawara da mai ita a sake ta. A yi hakan da safe, ranar da gari ya washe, bayan ta sha ruwa ta ɗan ci kaɗan. Ka kulle naka, ka fita da ita ɗan nesa da gida zuwa fili, don kada ta ga garkenka ta sake sauka. Ka kira shi ka gaya masa lokacin da ta tashi. Sakin yamma ganganci ne, dare zai riske ta a hanya.

In ta dawo wurinka, ko tana da rauni, ko ƙarama ce 'yar bana, sai a zo a ɗauka ko a aika ta mota. Ka ba ta ruwa kafin tafiya, ka sa ta a kwali mai isasshen huji, ka rubuta lambobin wayarku biyu a kai, ka roƙi direba ya ajiye ta a cikin mota inda iska ke shiga. But ɗin mota a zafin Afrilu yana kashe tsuntsu kafin a kai Akwanga.

Haƙƙin da ke kan kowa

Mai tsintuwa ba ya ciniki. Geron da ta ci bai kai a yi maganarsa ba. In an kashe kuɗin magani ko na mota, a faɗa a biya. In mai ita ya ba da tukuici a karɓa da godiya, in bai bayar ba a bar wa Allah. Labarin kuɗin da ake zubawa a Turai ya ruɗi wasu: a 2019 an sayar da wani namiji mai suna Armando a kan Yuro miliyan 1.25, a Nuwamban 2020 kuma wata mai suna New Kim ta kai Yuro miliyan 1.6. Amma abin da aka saya a can asali ne rubutacce da tarihin nasara. Wadda aka ɓoye ba ta da takarda, ba ta shiga gasa, kuma ranar da ta sami ƙofa a buɗe gidansu za ta nufa. Wanda ya riƙe ta sai dai ya ɗaure ta har ta mutu.

Yanke zobe sata ce, a kira ta da sunanta. Haka fige mata fiffike don kada ta tafi, haka haɗa ta da namijinka a ɓoye ka ci 'ya'ya sannan ka ce ka tsinta jiya. Mafi muni a ganina shi ne mai tayar da garkensa da gangan ya rutsa ƙananan maƙwabci ya sauko da su, ya rufe ƙofa, yana kiran abin gwaninta. Unguwar da ake haka babu mai ƙarfin halin sakin tsuntsu mai kyau, kowa ya kulle nasa, kiwon ya lalace wa kowa har da shi mai kamun. 'Yan kasuwa ma da nasu: wanda ya kawo tattabara mai zobe, ko mai tabon zobe a ƙafa, a tambaye shi inda ya samo.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. A Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya, an yi maganar tattabarar da ta bar ɗakin wani ta shiga na wani, aka ce a mayar wa mai ita muddin ana iyawa, kuma ba a ɗana wa tattabarun mutane tarko. Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa wasa da tattabara cikin abubuwan da kan taɓa mutuncin mai ba da shaida. Abin da ya jawo wa masu kiwo wannan tabo sananne ne: caca, da kamun na mutane, da rantsuwar ƙarya, da hawa rufi ana leƙa gidajen maƙwabta. Kiwon kansa halal ne, kuma masu shi ne kaɗai za su iya wanke sunansa. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da umarnin mayar da dabbar da ta ɓace a sura ta 22 ta littafin Maimaitawar Shari'a. A gari irin Lafiya, inda Bahaushe da Bakambare da Ba'alago da Eggon da Gwandara da Tibi ke katanga ɗaya, tattabara kan maƙwabcin da ta ga dama take sauka, kuma kyakkyawar mayarwa ɗaya kan ƙulla zumuncin shekaru.

Mai ita ma da nasa nauyin, kuma a nan wasu manyan masu kiwo ke ba da kunya. An kira ka, ka ɗauka. Ka yi godiya tun kafin ka tambayi lafiyar tsuntsu. Kada ka bar bawan Allah da jinya mako biyu kana cewa gobe, kada kuma ka ce masa "wadda ta ɓata ba ta da amfani, ka yanka." A Birtaniya ƙungiyar masu tsere ta ƙasa tana da tsarin kai rahoton ɓatacciya, kuma dole mai ita ya amsa ya san yadda zai yi da abarsa. In da gaske ba ka buƙatarta, ka furta a fili cewa ka ba shi kyauta, ka tura masa saƙo a rubuce ya zama hujja. In yaro ne ya kawo, ka kira shi ka nuna masa ɗakin tattabarunka, in da hali ka ba shi 'yan shila biyu. Yaron da aka yi wa haka ba zai ƙara ɗaga danƙo ga tsuntsu mai zobe ba.

Ranar gasa kuma, wanda ta wani ta sauka wurinsa ya faɗi gaskiyar lokaci. Wanda aka ɗora wa sakin tsuntsaye kada ya buɗe kwanduna cikin hazo ko hadari don kunyar masu jira. A ɗaga zuwa gobe ya fi a yi asarar garke.

Rage ɓata tun daga gida

Yawancin waɗanda ke ɓacewa ƙanana ne da aka yi wa gaggawa. Bayan yaye, wajen kwana 28, a bar su su riƙa zama a kan rufi suna kallon unguwa, a koya musu shiga da kiran abinci. Sai sun yi makonni suna kewaya gida da kansu, har suna ɓacewa daga gani su dawo, sannan a fara ɗaukarsu. A fara da kilomita 2, sai 5, sai 10, ana maimaita kowane zango har su riƙa miƙewa ba dogon kewaye. Hanyoyin Lafiya sun dace da wannan: ta arewa Shabu, Nasarawa Eggon, har Akwanga mai kimanin kilomita 60, ta kudu Agyaragu, Kadarko, har Makurɗi mai kimanin kilomita 100, sannan Doma da Asakiyo, don su san gida ta kowace fuska. A shayar da su kafin saki, a saki da sassafe, kuma wadda ke zubar da gashin fiffike ko ke ciyar da ƙananan 'ya'ya a bar ta a gida.

Ina roƙon masu kiwon tattabaru na Lafiya da kewaye, manya da matasa, ku zauna ku buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta lambar zobe da sunan mai shi, ku damƙa shi ga dattijo ɗaya da kowa ya yarda da amanarsa. Kafin a kai ga haka, kowa ya sa wa tsuntsayensa zobe mai lambar waya tun hazon bana bai sauko ba.